Suna Linzami: Riga-kafin Sankarar Bakin Mahaifa a Yankin Funtua da Malumfashi

A watan Oktoban 2023 Nijeriya ta shigar da allurar HPV cikin jerin riga-kafinta na yau da kullum, sannan a watan Mayun 2024 zagaye na biyu ya iso Jihar Katsina. A waɗannan zagaye an yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar sau ɗaya, kyauta. Ƙwayar HPV tana yaɗuwa ne ta hanyar saduwa, kuma nau'o'inta biyu, 16 da 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa. Wannan ne dalilin fara riga-kafin tun kafin aure, domin allurar tana hana kamuwa ne, ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2020 cutar ta kama mata kimanin 12,000 a Nijeriya, ta kuma hallaka kusan 8,000.

A karkarar Funtua da Malumfashi, inda uba ke ba da izini, uwa da kaka ke ba da shawara, karɓuwar allurar ta rataya ƙwarai a kan kalmomin da aka gabatar da ita. Kalmar “mahaifa” tushenta ɗaya da “haihuwa”, don haka allurar da aka keɓe wa 'yan mata, aka kuma jingina ta ga mahaifa, tana iya farfaɗo da zargin hana haihuwa wanda ya sa aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano a 2003. Haka nan “daji”, sunan da aka fi sani a ƙauye, yana tafe da tsohon imanin cewa wannan ciwo ba ya son allura. Wajibi ne mai bayani ya fayyace cewa lafiyayya ake yi wa, tun ciwon bai zo ba.

A nan masana Hausa suke da aiki. Karin maganar nan ta “riga-kafi ya fi magani” ta samar da tubali, saura a tsara bayanin da zai ambaci hanyar yaɗuwar ƙwayar cikin sakaya, ba tare da keta kunya ko ɓoye gaskiya ba. Muddin aka bar fassarar saƙon ga wanda bai san nauyin waɗannan kalmomi ba, allura za ta iya isa asibitin garin, amma yarinyar da aka kawo ta dominta tana gida.