Igwar Iska: Yadda Matsattsiyar Iska Ke Harba Abu

A ƙauyukan Yankwashi, Roni da Gwiwa, kamar sauran ƙasar Hausa, yara kan yi bindigar wasa da bututun biro. Sukan tauna takarda su yi curi biyu, su toshe bakin bututun da ɗaya, su tura ɗayan ta baya da tsinke. Tun tsinken bai kai ƙarshe ba sai a ji "fat!", curin gaba ya fice da gudu. Ba tsinken ne ya harba shi ba, iskar da aka matse tsakanin curin biyu ce. A kan wannan ƙa'ida ake gina igwar iska, wadda masu sha'awar ƙere-ƙere ke haɗawa a gida.

Iskar da ke kewaye da mu tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo 1. A shekarar 1662 masanin kimiyya Robert Boyle ya nuna cewa idan aka matse iska ta koma rabin wurin da take ciki, ƙarfin dannawarta zai ninka biyu, muddin zafinta bai sauya ba. Idan ta koma sulusi, sai ya ninka uku. Wato ƙarfin da mutum ya kashe wajen matsawa bai ɓata ba, ajiya ya yi, kuma iskar za ta mayar da shi da zarar ta sami mafita. Abin da injin mai faci ke yi ke nan a bakin tasha.

Saboda haka igwar iska sassa uku gare ta: tankin da ake tara iska, bawul da ke sakin ta gaba ɗaya, da bututun da abin harbawa ke bi. Gwargwadon saurin buɗewar bawul, gwargwadon gudun abin. Wannan ƙarfi ba na wasa ba ne, domin tun wajen 1780 sojojin Ostiriya suka riƙa yaƙi da bindigar iska ta Girardoni, wadda ba ta buƙatar albarushi.

A nan ne haɗari yake. Da yawa kan yi tankin da fayif ɗin PVC na masu aikin famfo, alhali kuwa don ruwa aka yi shi. Ruwa ba ya matsuwa sai ɗan kaɗan, don haka in fayif ya tsage yoyo kawai zai yi. Amma in iska ce a ciki, tarwatsewa zai yi, gutsattsarinsa su watsu kamar fasasshiyar kwalba, su tsiyaye ido ko su yanke jijiya. Fayif ɗin da ya daɗe a rana ya fi saurin fashewa. Dalili ke nan da masu ƙera shi suke hana a zuba masa matsattsiyar iska.

Hanyar da ta fi dacewa da makaranta ita ce rokar ruwa. Ana samun gorar roba ta lemo mai gas, wadda dama an yi ta don ta jure matsi, a zuba mata ruwa sulusi, a toshe ta da toshiyar roba mai ɗauke da bawul ɗin tsohon tiyub na keke. Sai a kifa ta a fili, a haɗa da famfon keke ta dogon tiyo, a yi ta bugawa har toshiyar ta fita. Iska ta koro ruwa ƙasa, ruwa kuma ya tura gora sama, kamar yadda Isaac Newton ya bayyana a 1687. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, shi ya sa gorar da babu ruwa ba ta yin nisa.

Ɗalibai na iya sauya yawan ruwa da karkatar gorar, su auna nisa su rubuta. Galileo ya nuna a 1638 cewa kusurwar digiri 45 ce ke kai abu mafi nisa, in ba a lissafa da turjiyar iska ba. Wajibi ne malami ya kasance a wurin, kowa ya ja baya, kada a yi amfani da kwalba, kada kuma a auna mutum ko dabba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.