IN MUTUM YA FAƊA RUWA, YAYA ZA SHI KOMA CIKIN JIRGI?

Cadakori ƙasar tudu ce, ƙasar gero da wake da gujiya. Amma da damina ruwa ba shi da nisa. Gulbin Maradi shina fitowa daga ƙasar Katsina, shi bi ta Madarumfa, da Maradi, da Tibiri, da Gidan Rumji, sa'annan shi koma Najeriya shi haɗu da Gulbin Rima. Gulbin Kaba kuma shina ratsa ƙasar Gazawa da ta Mayahi. A Tabkin Madarumfa akwai masunta da jiragensu.

Ban da wannan, in an gama girbi samari suna tafiya cin rani. Waɗansu su yi Gaya bakin Kwara, waɗansu Tabkin Cadi, waɗansu Legas, ko Kwatano, ko Abijan bakin teku. Can duka ana shiga jirgi. Saboda haka ɗan tudu ma ya kamata shi san dabarar ruwa.

Maganar ba ta wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekara ta 2021 ruwa ya ci mutum wajen 300.000 cikin duniya. A watan Agusta na 2025, jirgi ya kife a jihar Sakkwato da mutane fiye da 50, suna tafiya kasuwar Goronyo. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe ranar 25 ga watan Yuli ta kowace shekara don gargaɗi bisa nutsewa.

1. Mi ya sa hawan jirgi daga cikin ruwa ke da wuya?

Dalili na farko, nauyi. Cikin ruwa jikin mutum ba shi da nauyi, don ruwa ne ke ɗauke da shi. Da zarar ya ɗaga ƙirjinshi sama, sai nauyin duka shi dawo ma hannuwanshi. Ga riga da wando sun sha ruwa, sun ƙara kaya.

Dalili na biyu, babu wurin taka ƙafa. Mai hawan katanga shina da ƙasa. Mai hawan jirgi ba shi da ita. In ya kama bakin jirgi ya ja, sai ƙafafunshi su shige ƙarƙashin jirgin, shi zama kamar mai rataye.

Dalili na uku, jirgin kanshi. Kwale-kwale siriri ne. In anka ja shi da ƙarfi ta gefe guda, sai shi karkace, shi ɗebi ruwa, wani lokaci shi kife da sauran mutanen da ke ciki.

Dalili na huɗu, tsoro. Mai tsoro shina kokawa da ruwa. Shi gwada hawa sau uku, sau huɗu, cikin gaggawa, ƙarfinshi shi ƙare. Sau da yawa gajiya ce ke ba ruwa sa'a.

2. Darasi daga jirgi mai ciki biyu

A bakin teku akwai wani jirgi da ake ce ma katamaran. Sunan ya fito daga harshen Tamil na kudancin Indiya, ma'anarshi itatuwan da anka ɗaure. Kamar kwale-kwale biyu ne sirara, an jera su, an haɗa da ƙarfe biyu a gicciye, ɗaya gaba ɗaya baya. Tsakaninsu an shimfiɗa tamfol mai ƙarfi inda ake zama. Ƙaraminshi ba shi da inji. An kafa mishi dogon ƙarfe a tsaye, an ɗaura babban ƙyalle, iska ce ke tura shi. Tsawon irin wanga ƙarami wajen mita 5 ne, mutum 1 ko 2 ke tuƙa shi.

Da yake shina da ciki biyu, nauyin mutum guda ba ya kifar da shi wajen hawa. Amma shina da nashi haɗari. Ba shi da nauyi, kuma iska tana kama shi. In matuƙi ya faɗa ruwa ya saki, jirgin shina iya tafiya da saurin da mai iyo ba za shi cim mishi ba. Don haka abin da ake fara koya ma masu tuƙa shi ke nan: kada hannu shi rabu da jirgi ko da igiyarshi.

Ga yadda suke komawa bisa. Suna sassauta igiyar ƙyallen, don iska ta daina jan jirgi. Suna neman wurin da ya fi kusa da ruwa, wato wajen gindin jirgi, ko kuwa ƙarfen gicciye na tsakanin cikin biyu. Suna hutawa kaɗan. Sa'annan su miƙe ƙafafu baya bisa fuskar ruwa, su buga ruwa da ƙarfi, su ɗora ƙirji, su jefa ƙafa guda, su mirgina bisa tamfol. Waɗansu suna barin igiya mai madauki tana reto, su taka ta kamar likkafa.

In jirgin ya kwanta bisa gefe, suna juya goshinshi wajen iska. Su jefa igiya ta bisan cikin da ke sama, su tsaya bisa na ƙasa, su jingina baya da duk nauyinsu har shi tashi. Shina tashi sai su cafke ƙarfen gicciye, kada shi tsere musu.

Wagga dabara ba ta teku kaɗai ba ce. Tana da amfani a gulbi da tabki.

3. Yadda ake komawa cikin kwale-kwale

Na ɗaya: a kama jirgi, kada a saki. A bar kaya su tafi. Buhu da takalmi ana samun waɗansu, rai guda ne.

Na biyu: a huta. Mutum shi riƙe bakin jirgi, shi ja numfashi a hankali har zuciyarshi ta kwanta. In shina sanye da babbar riga, shi tuɓe ta da hannu guda, ɗayan shina riƙe.

Na uku: a bi gefen jirgi, hannu bayan hannu, zuwa gindinshi. Jirgi ba ya saurin karkacewa in anka hau shi ta ƙarshe. In jirgin mai inji ne, sai an kashe inji tukuna, don farfela tana sara.

Na huɗu: kada a tsaya a miƙe cikin ruwa. A kwanta rubda ciki kamar kwaɗo, ƙafafu a baya. A buga ruwa, a ja da hannu lokaci guda, a ɗora ciki bisa bakin jirgi.

Na biyar: in ciki ya hau, a dakata. A jefa ƙafa guda, a mirgina zuwa tsakiya. Kada a miƙe tsaye. A zauna ƙasa.

In dole sai ta gefe za a hau, to, na cikin jirgi su koma da nauyinsu ɗaya gefen. Mutum guda kaɗai ke hawa, in ya zauna wani shi biyo.

4. Aikin waɗanda ke cikin jirgi

Kowa shi zauna inda yake. In duka sunka ruga gefe guda don kallo ko taimako, jirgi za shi kife, mutum guda shi zama goma. Matuƙi ne ke ba da umurni. Wani shi sa ido bisa wanda ya faɗa, shina nuna shi da hannu.

A miƙa mishi gwangwala, ko a jefa igiya, ko rawani, ko gora. Kada wanda bai ƙware ba shi yi tsalle cikin ruwa, don mai nutsewa shina rungume duk wanda ya kusance shi. Tsoho, da yaro, da mace mai ciki, ba su iya jan kansu. A kama su ta ƙarƙashin hamata a jawo. In ba ta yiwuwa, su riƙe jirgi, a tuƙa a hankali zuwa gaɓa.

5. In jirgi ya kife

Jirgin katako, in ba kaya masu nauyi ko inji sunka danne shi ba, yawanci shina yawo bisa ruwa ko ya cika. A zauna tare da shi. Masu ceto sun fi ganin jirgi bisa ga kan mutum guda. A rarrabu gefe biyu a riƙe. A cikin gulbi mai gudu, a tsaya ta wajen da ruwa ke fitowa, kada jirgi shi matse mutum jikin itace.

6. Bayan an fito

In mutum shina numfashi, a kwantar da shi bisa gefe, a tuɓe jiƙaƙƙun tufafi, a rufe shi. Kada a rataye shi kai ƙasa, kada a danne mishi ciki. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarshi, a toshe hanci, a hura mishi iska baki da baki. A danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a yi ta yi. A aika kiran likita. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce. Ko ya farfaɗo, a kai shi gidan likita, don ruwan da ya shiga huhu shina iya tada ciwo daga baya.

7. Ba a fafe gora ranar tafiya

Kowane jirgi shi samu igiya mai madauki a gindinshi, da ƙulli wanda ba ya zargewa. Shi samu ƙwaryar kwarfe ruwa. In babu rigar ruwa, bido na lita 20, wanda ba komi ciki, an rufe bakinshi gam, shina iya ɗaukar nauyin kusan kilo 20. Wannan ya isa shi riƙe kan babban mutum bisa ruwa, in ya rungume shi a ƙirji. Kada a cika ma jirgi kaya. Kada a yi fito da dare, ko in hadari ya taso. Samari su gwada hawan jirgi a ruwa marar zurfi, gaban sarkin ruwa ko masunta.

Tambayoyi don mahawara a ajin yaƙi da jahilci:

Mi ya sa ba a sakin jirgi?
Ta wane wuri ya fi kyau a hau kwale-kwale?
Wane abu ke akwai cikin gida wanda ke iya tsare mutum daga nutsewa?

Wanda ya karanta, shi karanta ma wanda bai iya ba, musamman mai shirin tafiya cin rani.