Maƙeran Batsari da Safana: daga fartanya zuwa ƙyauren ƙarfe

Duk wanda ya san maƙera a Batsari da Safana ya san aikinta yana bin damina ne. Da hadari ya fara haɗuwa, sai a ji zugazugi na huci, masaba na sauka kan uwar maƙera, ana fitar da fartanya da garma daga tsohon ƙarfen mota. Da kaka kuma sai lauje da magirbi. A 'yan shekarun nan wani aiki ya shigo da bai san damina ko rani ba: sakata, marfin taga, da ƙyauren ƙarfe da mai walda zai haɗa a maimakon na katako ko na kwano.

Dalilin a fili yake. Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu, maɓoyar 'yan bindiga. A watan Fabrairun 2020 an kashe kusan mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe kasuwannin dabbobi a yankin, aka katse layukan waya, shi kansa gwamnan ya yi kira ga jama'a su tashi su kare kansu. Mutumin da ba shi da hanyar kiran jami'an tsaro, wanda gonarsa ta gagare shi zuwa, ina zai nufa in ba wurin maƙerin unguwarsu ba?

Sai dai abin da ke fitowa daga maƙerar kashi biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su ba. Ƙyaure da sakata ba sa kashe kowa. Suna jinkirta maharin dare, su ba magidanci 'yan mintunan fitar da iyalinsa ta baya ko tada maƙwabta. Bindigar gida kuwa, irin wadda ake kira harba-ka-ruga, lamarinta daban ne. Sunanta ma ya faɗi iyakarta a gaban AK-47. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera ta ba da lasisi ba, kuma da ta bar hannun maƙeri ba ya da iko kan inda za ta dosa. Ta kare garuruwa, gaskiya ne. Amma an sha kokawa da yadda wasu 'yan sa-kai suka afka wa Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba, abin da ya ƙara rura wutar ramuwar gayya.



Asarar da ba a cika lissafawa ba ita ce ta noma. Batsari ta yi suna wajen rogo, kuma duk gonar da aka bari fartanya ce da ba a saya ba. Gwamna Dikko Umaru Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, ga kuma sulhun da aka ƙulla a yankin a 2025. In ana so sulhun ya ɗore, ya kamata ƙananan hukumomin biyu su ba maƙera da masu walda kwangilar kayan noma da ƙofofin makarantu da asibitoci, su samu abin yi da ya fi ƙera bindiga riba.