Baƙin Ramin da Aka Haƙa a Kan Tebur

A 1974 Stephen Hawking ya zo da maganar da ta tayar da ƙura tsakanin masana. Ya ce baƙin ramin nan na sararin samaniya, wanda ko haske ya faɗa ciki ba ya fitowa, yana fitar da wani ɗan ɗumi. Sai dai ɗumin ya yi rauni matuƙa, babu na'urar hangen nesa da za ta iya kama shi.

A 1981 William Unruh, wani masani a Kanada, ya kawo dabara: a bar haske, a gwada da sauti. Wanda ya taɓa ganin rafi ya kawo a ƙauyukan Ungogo cikin Agusta zai fahimta. Akwai gurbin da ruwa ke fin ƙarfin mai iyo, duk ƙoƙarinsa gaba ruwan zai yi da shi. Haka sauti yake maƙalewa idan gudun ruwa ya fi nasa.

Jeff Steinhauer na jami'ar Technion a Haifa ne ya ɗauki maganar da gaske. Ya sanyaya ƙwayoyin zarrar rubidiyam da hasken leza da maganaɗisu, har saura ƙiris su kai ƙarshen sanyi, inda suke haɗewa su gudana tare ba wata tirjiya. A nan sauti ba ya yin ko milimita ɗaya a daƙiƙa, don haka tsere masa ba wuya. Ya tura ƙwayoyin da leza suka fi sautin gudu, rami ya samu.

Wahalar tana wajen gani. Ɗaukar hoto sau ɗaya yana watsa ƙwayoyin, dole a sake komai daga farko. Sau 4,600 ya maimaita kafin alamar ta fito: 'yan girgizar sauti suna ɓullowa biyu-biyu a bakin ramin, ɗaya ya kuɓuta, ɗan'uwansa ya nutse; masu kuɓutar su ne kwatankwacin ɗumin da Hawking ya faɗa. Ya wallafa sakamakon a 2016, sunansa kaɗai a kan takardar, abin da ba kasafai ake gani ba a wannan fanni.

Wani masani, Ulf Leonhardt, da wasu sun yi masa suka, kuma a ganina akwai dalilin yin shakka ta fuska ɗaya, domin rubidiyam ba baƙin ramin sararin samaniya ba ne. Steinhauer bai saduda ba. A 2019 shi da abokan aikinsa suka auna zafin, ya zo daidai da lissafin Hawking, wanda ya riga ya rasu a Maris 2018.