Ɗigar fitsari wajen tari: tiyatar da ke buƙatar tambaya kafin sa hannu

A Yola da Jimeta, da zarar an ce yoyon fitsari, hankali kan koma ga matan da doguwar naƙuda ta huda wa mafitsara. Akwai wata lalurar da ta fi wannan yawa, amma ba a cika ambatonta ba: fitsari ya kuɓuce wa mace idan ta yi tari, atishawa ko dariya, ko ta ɗaga bokitin ruwa. A nan babu huji. Naman da ke tallafe da bututun fitsari ne ya saki, galibi saboda yawan haihuwa, ƙiba ko shekaru. Ma'aikaciya kan rage shan ruwa a zafin Afrilu don kada ta ji kunya a ofis, ga kuma kokwanton alwala.

Ba da wuƙa ake farawa ba. Likitoci kan sa mace atisayen matse naman ƙasan mara na aƙalla wata 3, da rage nauyi. Sai abin ya faskara ake zancen tiyata: ko a ɗage wuyan mafitsara da ɗinki, hanyar da likita Burch ya bayyana a 1961, ko a yanko ɗan jan fatar cikin mace a yi wa bututun majanyi, ko a sa siririn ragar roba, dabarar da ta fito daga Suwidin wajen 1996.

Ragar ta yi farin jini saboda saurin aiki da saurin sallama, kuma mata da yawa sun samu lafiya. Wasu kuwa ta ci musu nama, ta bar su da ciwon da ba ya jin magani, har Ingila ta dakatar da amfani da ita a 2018. Sauran hanyoyin ma ba su kuɓuta ba: fitsari na iya riƙewa sai an sa roba, ana iya taɓa mafitsara, ɗigar na iya dawowa bayan shekaru.

Hatta matan da aka ɗinke wa huji a Babbar Ruga ta Katsina, inda Dakta Kees Waaldijk ya daɗe yana aiki, akan sami waɗanda ɗigar ke biyo su, saboda bututun ya riga ya raunana.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola da Asibitin Ƙwararru na Jimeta duk suna da likitocin mata, kuma wurinsu ne ake tantance wace irin ɗiga ce, domin wadda matsuwar fitsari ke jawowa magani take so, tiyata ba ta yi mata. Mai inshorar NHIA ta fara karɓo takardar turawa daga asibitinta na farko. Kafin ta sa hannu, ta tambayi likita wace hanya zai bi, sau nawa ya yi ta, kuma wa zai duba ta idan fitsari ya riƙe bayan ta koma gida.