Me Ya Sa Idon Matuƙi Kaɗai Ba Ya Hana Jirage Yin Karo?

Duk wanda ya ɗaga kai a Kuki ko Dutsin-Ma da sanyin safiya, yakan hangi farin layi ya ratsa sama, wani lokaci har biyu sun gitta juna. Mai kallo zai ce sararin Allah da faɗi yake, ina jirage za su haɗu? Amma jiragen fasinja ba sa bin inda suka ga dama. Suna da hanyoyi ƙayyadaddu, kuma kamar kowace hanya, a mararraba hatsari yake.

Bari mu fara da halittar ido. A tantanin da ke bayan ƙwayar ido, wani ɗan gurbi ne kaɗai a tsakiya ke gani tangaram. Sauran, wato abin da muke kira wutsiyar ido, motsi ya fi kamawa. Shi ya sa manomi kan farga da maciji in ya motsa, amma ya kusa taka shi in yana kwance. To, jirgin da zai yi karo da naka ba ya gusawa a gilashin matuƙi. Yana nan wuri guda kamar ɗigon ƙuda, sai a daƙiƙun ƙarshe ya bunƙasa farat ɗaya.

Sannan ga gudu. Jirage biyu masu fuskantar juna, kowanne na kilomita 850 a awa, suna cinye kimanin mita 470 a daƙiƙa guda. Hukumar sufurin sama ta Amurka ta ƙiyasta cewa matuƙi na bukatar daƙiƙa 12 da rabi kafin ya gani, ya gane, ya yanke shawara, jirgin kuma ya amsa. A wannan ɗan lokaci an ci kusan kilomita 6.

Saboda haka aka yi wa ido mataimaka. Na farko shi ne jami'in kula da zirga-zirga, mai raba jirage ta rediyo da rada. Cibiyar Kano ce ke lura da samaniyar Arewa, kuma kwalejin sufurin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita ke horar da irin waɗannan jami'ai. Na biyu, dokar tazara: a can ƙololuwa akan bar ƙafa 1,000 tsakanin jirgi da wanda ke bisansa. Na uku, na'urar TCAS da ke cikin jirgi, wadda kan yi magana da takwararta, ta ce wa wannan matuƙi ya hau, wancan ya sauka.

Mun ɗanɗana ɗacin kuskure a ƙasar nan. Ran 7 ga Nuwamba, 1996, jirgin kamfanin ADC da ya taso daga Fatakwal zuwa Legas ya kusanci wani jirgin da ya baro Legas. Matuƙin ya karkata da ƙarfi don ya kauce, jirgin ya kuɓuce masa, ya faɗa ruwa kusa da Ejirin. Duk waɗanda ke ciki, fiye da mutum 140, suka rasu, har da Farfesa Claude Ake. Jiragen ba su ko taɓa juna ba. Masu bincike sun ɗora babban laifin kan yadda jami'in rada ya raba su. Kwana biyar bayan haka jirage biyu suka yi karo kusa da Delhi ta Indiya, rayuka 349 suka salwanta.

Daga baya aka kafa hukumar NAMA a 1999, aka kuma ƙaddamar da shirin radar ƙasa baki ɗaya a 2010. Sai dai na'ura ba ta canza halittar ɗan Adam ba. Jami'in da bai sami barci ba yakan manta, yakan kuma ɗauka ya faɗi abin da bai faɗa ba. Don haka wajibi ne a ba shi hutu isasshe da kayan aiki masu lafiya, a kuma rubuta rahoton duk wani kusan karo ba tare da tsoron hukunci ba, domin daga nan ake gano ɓaraka tun ba ta ci rai ba.