Ko Kun Sani?

Daga sama ba a ganin cikin kogo, amma itatuwan bakinsa kan tona masa asiri. A 2008, masanin burbushin halittu Lee Berger ya duƙufa kan hotunan tauraron ɗan adam na Google Earth, yana bin filayen da ke arewa maso yammacin Johannesburg a Afirka ta Kudu. Duk inda ya hangi itatuwa sun yi dandazo a tsakiyar ciyawa, sai ya taka da ƙafa ya duba. Haka ya gano ɗaruruwan kogwanni. A ɗayansu, Malapa, ɗansa mai shekara 9 ya juya wani dutse, sai ga ƙashin kafaɗa mai shekara kusan miliyan 2.